Abin da Na Karanta Miki a Takardar Adiza

Zuwa ga Memuna, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci. Na san babu direban da zai kai miki wannan wasiƙa. Ko kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, ni za ki miƙo wa ki ce Seidu karanta mini, kuma a nan ne laifina yake, za ki ji. Shekara nawa ina rubuta wa mutanen kasuwar Aboabo wasiƙu da ɗan bokon da na yi, masu neman aure da masu neman afuwa, ke kuwa ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba. Yau ciniki ya yi sanyi bayan azahar, na hau kan buhun albasa na ce bari in biya ki naki.

Ina da babban labari game da autarki Adiza. Amma kin san ni, ban taɓa kwance bakin buhu mai saye bai zauna ba. Ki yi haƙuri in fara da ƙanana.

Gida lafiya. Unguwarmu Changli na nan yadda kika bar ta, sai dai yalo-yalo, kekunan hayan nan masu ƙafa uku, sun yi yawa, mutum ba ya tsallaka titi sai ya yi addu'a. Ƙanwarki Salamatu ta ƙara ƙiba, ta kuma ƙara baki. Bishiyar nim ɗin ƙofar gida da kika ce in sare tun kina da ƙarfi har yanzu ban sare ba, kuma ba zan sare ba, a ƙarƙashinta nake ajiye moto, babur ɗin nan nawa. Na koyi tuƙa tuwo. Gudaji ba sa rabuwa da shi, amma ba wanda ya taɓa kwana asibiti saboda shi.

To, ga abin da ban faɗa miki ba.

Kin tuna ranar da Adiza ta samu shiga jami'a karatun kimiyya? Likitanci ta nema tun farko, makinta bai kai ba, aka ce mata akwai wata ƙofa: mutum ya gama digirin kimiyya da sakamako mai kyau, sannan ya sake zana jarrabawa, a kira shi a yi masa tambayoyi, in ya dace a ɗauke shi makarantar likitoci. Ke ba ki damu da tsawon hanyar ba. Abu ɗaya kika sa na rantse miki a kai, cewa daga ranar yarinyar nan ta bar taɓa tukunyar wake da shinkafarki. Kika ce hayaƙin da kika sha shekara ashirin a bakin tasha ya isa gidanmu. Na rantse. Har na ɗora hannu a ƙirji, don na san kina son a yi miki abu da ado.

Wata biyu bayan nan ciwo ya kwantar da ke.

Kin fi ni sanin dokar bakin tasha. Wurin da ya kwana bakwai babu tukunya, ranar ta takwas wata za ta kafa teburinta, kuma babu sarkin da zai tashe ta. Shekara ashirin kika yi kina riƙe da gindin sandar lantarkin nan inda motocin Kumasi ke lodi. Ni kuma a raina na gama yanke cewa za ki tashi, kuma ranar da kika tashi ba zan iya kallon idonki in ce wurin ya tafi ba. Sai na kwashe tukwanen na kai gidan Salamatu a Aboabo, na ce ta riƙe miki. Wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba, Salamatu ba ta da hannu. Kanwa ta yi yawa yau, gobe waken bai nuna ba, jibi shito, soyayyen yajin da ake zubawa a kai, ya ƙone. Cikin mako biyu direbobi suka fara wucewa suna kallon sama kamar ba su san teburin ba.

Wa ke da hannunki in ba Adiza ba? Na kira ta na ce mako biyu kawai, kafin Salamatu ta gane kan abin. Na ce kuma kada uwarki ta ji, hankalinta zai tashi. Yarinyar ba ta yi mini musu ba. Tun asuba tana gidan Salamatu tana wanke karan dafin da ke sa waken ya yi ja, ƙarfe shida da rabi tana bakin tasha da ludayi, sai ta sayar da tukunya ta ƙare sannan ta hau moto ta nufi makaranta, lokacin darasin safe ya wuce, masu gwaje-gwaje sun wanke kwalabensu. Da yamma ta zo ta zauna gefen gadonki. Mako biyun nan, Memuna, shekara guda ya zama. Ni da nake iya gane ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu da hanci kawai, ban ji warin abin da nake yi wa 'yata ba.

Ranar da takardar sakamakonta ta fito, ta kawo mini ita rumfata a kasuwa, ta ajiye a kan sikeli ta juya baya. Na duba. Darussa biyu ta faɗi warwas, sauran kuma da ƙyar ta rataya. Na ninke na sa a aljihu. Da na zo gida kika ga farar takarda ta leƙo, kika ce ta Adiza ce ko, karanta mini. Na gyara murya na karanta miki cewa ta ci duka. Da na ga fuskarki ta buɗe sai na ƙara da cewa malamai sun rubuta a ƙasa wai yarinyar nan kan likita gare ta. Babu wannan layin a takardar, Memuna. A bakina aka haife shi. Kika yi 'yar guɗa da ƙarfin da ya rage miki, kika sa aka soya ƙosai aka raba sadaka, kika gaya wa duk macen da ta shigo dubiya. Tun daga ranar Changli ta daina kiranta Adiza, sai Dokta. Ki duba nauyin da na ɗora mata: ta faɗi jarrabawa, ga suna a ka, ko'ina ta bi ana Dokta ina kwana.

Kin san ni ba na zama abu ya fi ƙarfina ban taya ba. Na bincika na gano malamar da ke koyar da darasin da ya fi kayar da ita, wata 'yar Kudu ce, Kirista, ana ce mata Madam Abena, tana zaune a Gumbihini. Ranar Lahadi na jira har aka taso daga coci, na sa babbar rigata ta Sallah, na ɗaure zabi biyu masu ƙiba a kan moto. A hanya ina ta jera Turancin da zan yi mata. A ganina ai komai na duniya ana iya zama a daidaita, maki ma mutum ne ya rubuta shi.

Ban kai ga Turancin ba. Da na ambaci sunan Adiza sai matar ta yi dariya, ta juya harshe zuwa Hausar kasuwa, ta ce ashe ni ne uban mai wake da shinkafa. Wai kullum ƙarfe bakwai takan tsaya a bakin tasha ta sayi nata da ƙwai da taliya a hannun Adiza, ƙarfe takwas kuma ta shiga aji ta kira suna ta rubuta cewa Adiza ba ta zo ba. Wai ta sha tambayarta yaushe za ta dawo aji, yarinyar ta ce mako mai zuwa, Madam, a ƙara shito? Ta ce mini, Baba, ba ta taɓa cin wake da shinkafa mai daɗin wannan ba, kuma ba ta taɓa jin haushin abinci kamar wannan ba.

Na matsa da zabin gaba kaɗan da ƙafa. Ta kalle su ta kalle ni. Ta ce maki ba albasa ba ne, ba a yi masa ragi. Abin da aka rubuta ya zauna har abada, sai dai yarinya ta sake darasin, a rubuta sabon maki kusa da tsohon, duk mai dubawa ya ga biyun. Ta ce masu ɗaukar likitoci ba wai ba sa yafe faɗuwa ba ne, amma suna so su ga mutum ya tashi ya daɗe a tsaye. In ina son taimakon 'yata, in cire ta daga bakin tasha, shi ke nan aikin da ke hannuna. Zabin kuma in kai wa mara lafiya.

Kin tuna farfesun zabin da kika sha kwana uku a jere kina sa mini albarka, kina cewa ashe Seidu ya san tattali? To, toshiyar baki ce aka ƙi karɓa. Na karɓi albarkar. Allah ya yafe mini, amma ko yanzu in na tuna sai na yi dariya.

A makon da na je gidan Madam Abena na saki wurin na bakin tasha. Wata Badagomba mai suna Sanatu ta kafa teburinta, har yau tana nan, abincinta ba laifi. Ke kuma ba ki ƙara wata biyu ba. Kin tafi kina cewa in kula miki da Dokta.

Daga nan, Memuna, ni ɗan kallo ne, kuma ban taɓa kallon abin da ya fi wannan ba. Bayan sadakar arba'in ta ɗauki jakarta ta koma. Ta zauna aji ɗaya da ƙannen bayanta, waɗanda suka shigo bayan ta da shekara, tana maimaita abin da ta faɗi. Akwai masu tsokana, su wuce su ce Dokta yau babu waken ne? Takan ce ya ƙare, su zo da wuri gobe. Ta koma layin gaba, daidai inda yawun malami ke sauka. Duk ranar Laraba tana ofishin Madam Abena da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wadda ta kasa ta sake, ta sake, har matar ta fara kulle ƙofa in ta hango ta. Abin da ta fahimta kuma sai ta tara waɗanda ba su gane ba ta koya musu, wai in ta faɗa da bakinta ya fi zama. Na ce wannan kam jinina ne.

Ni nawa aikin shi ne in kama bakina daga aike. Kin san wuyar wannan? Mutum na da 'ya a gida, ga tulu ba ruwa, ga riga na son guga, ya buɗe baki ya tuna ya rufe. A nan ne na koyi tuwon da na gaya miki.

Makin bai tashi rana ɗaya ba. Shekara ta biyu ta tsaya da ƙafarta, ba yabo ba fallasa. Ta uku ta fara wuce mutane. Ta huɗu kuwa na kai takardar rumfa na karanta wa maƙwabtana da ƙarfi, ban ƙara ko wasali ba, don ba ta bar mini wurin ƙari ba. Ta gama ta yi hidimar ƙasa a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana dawowa da labaran da ke hana ni cin abinci. Sai ta zana jarrabawar shiga makarantar likitoci, ta ci, aka kira ta ganawa da manyan malamai.

Da na tsaya a nan da kin ce na shiryu. Ban shiryu ba.

Ana gobe za ta tafi na ce ta kawo takardunta in gani. Shekara talatin ina cika buhu, na san ƙa'ida: manya masu sheƙi a baki, matsakaita a tsakiya, masu tabo can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. Na jera mata haka, shekarar ƙarshe a sama, ta farko a gindi. Na ce in sun tono ta, kada ki kuskura ki ce musu wake kike sayarwa, manyan mutane ne, za su raina ki. Ki ce zazzaɓin taifot ne ya kwantar da ke. Har na koya mata yadda za ta sauke murya in ta zo wurin. Ta ce to, Baba.

Ki ji wautata. Na tura yarinya ta yi wa likitoci ƙaryar ciwo. Wani tsoho a cikinsu, wai ko kallon takardun sama bai yi ba, ya zaro ta ƙasan kamar ya san inda na ɓoye ta. Da ta ambaci taifot sai ya gyara zama kamar an kawo masa abincin da yake so. Wane magani aka ba ta, kwana nawa ta sha, zazzaɓin da safe yake tashi ko da yamma, wane gwaji aka yi. Ita da ta shekara tana gwada jinin mutane ta san amsar kowace tambaya, amma bakinta ya ƙi ɗaukar ƙaryar, ta tsaya tana kallon tebur. Ba su ɗauke ta ba.

Mako biyu ba ta ce mini komai ba sai ina kwana da sannu da zuwa. Ta ajiye mini abinci ta durƙusa ta tashi, ladabi cikakke, irin wanda ya fi zagi ciwo. Halinki ne sak. Ranar da ta buɗe baki kalma kaɗan ta faɗa, ta ce Baba, sau biyu ke nan.

Ta koma asibitin nan ta ƙara shekara tana aiki, ta sake zana jarrabawar bana, ta sake ci, aka sake kiranta. Wannan karon ba ta nuna mini takardu ba, ni ma na ɗauki buta na yi kamar alwala ta kama ni. Da ta dawo take ba ni labari. Takardar shekarar farko ta ɗora a sama, ita ta miƙa musu da hannunta kafin su tambaya. Ta ce musu uwarta ce ta kwanta ciwon ajali, ita kuma tana sayar da wake da shinkafa a bakin tasha lokacin da ya kamata tana aji, kuma bara ta yi musu ƙarya, babu wani taifot. Tsohon nan yana nan. Wai ya ce ai ya sani, yana jira ne ya ga ko za ta dawo da gaskiyar. Wata a cikinsu ta tambaye ta yadda ake sa waken ya yi ja bai yi ɗaci ba, ta yi musu bayanin karan dafi da kanwa da Turancin kimiyya har suna dariya. A ƙarshe tsohon ya ce, to, me shekarar nan ta koya mata da zai amfani mara lafiya? Ta ce ta koyi cewa mutum zai iya son ka da zuciya ɗaya ya ba ka shawarar da za ta kashe ka, kuma ta koyi ce wa babanta a'a.

A gaban manyan mutane, Memuna. Sunana ya shiga makarantar likitoci kafin nata.

Talatar da ta wuce ina tsakiyar ciniki da wani mai saye daga Kumasi, mun kai inda kowa ke rantsuwa da kakanninsa, sai na ga yalo-yalo ta tsaya, Adiza ta sauko. Ba ta katse ni ba, ta tsaya gefe tana jira kamar baƙuwa. Na kalli fuskarta ban karanta komai ba. Ta miƙo mini waya. Na karanta sau uku, na ukun da yatsa. Sun ɗauke ta. Autarki za ta shiga makarantar likitoci wata mai kamawa. Na juya na sallama wa mutumin Kumasi a yadda ya taya, har ya tsorata ya sake zazzage buhun yana neman abin da na ɓoye.

A hanyar gida na ƙi hawa moto, na tura shi muna tafiya a ƙasa, don abin da zan faɗa ba ya faɗuwa a guje. Na ce mata abu ɗaya ke cina, uwarki ta tafi da ƙaryata a kunne, ba ta san abin da na yi miki ba. Sai yarinyar nan ta tsaya a gefen titi ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce Baba, ai Mma ta sani.

Wai kwana biyu bayan na karanta miki takardar kika kama hannunta, kika juya tafin, kika ga jan karan dafi a gindin farce. Kika shinshina mayafinta. Kika ce ta faɗa miki gaskiya, ta faɗa miki duka, har makin. Wai kika ce dama kin ji, don duk ranar da na gyara murya kafin in yi magana, kayan ƙasan buhu nake shirin sayarwa. Kika ce mata faɗuwa ɗaya ba ta hana mutum zama likita, ta koma ta sake, ko shekara goma za ta ɗauka. Sannan kika ce kada ta gaya mini. Wai tsoro ne ya cika ni, ba ni da maganin da zan kawo miki sai wannan ƙaryar, a bar ni in riƙa kawowa.

Ashe haka kika yi mini? Kina kwance, ba kya iya ɗaga kofi, kina kallona ina shiga ina fita da wayona, kina gyaɗa kai? Sunan Dokta da na zaci ƙaryata ce ta jawo, ashe da gangan kika ci gaba da yaɗa shi bayan kin san komai, don kada ta samu hanyar juyawa? Shekara shida ina ɗauke da abin nan a ƙirji, ina zuwa maƙabarta ina kame-kame, ke kuwa tun kina numfashi kin gama yafewa ba ki ba ni labari ba. Duk Aboabo babu wanda ya taɓa yi mini irin wannan cinikin.

Duk da haka ina neman gafararki da bakina, don ban taɓa nema ba. Na karya rantsuwar da na yi miki. Na ci wa 'yarki shekaru. Ita ta ce ta yafe, da sharaɗin in ta fara duba marasa lafiya ba zan zauna a ƙofa ina ba su shawara ba. Na ce zan duba.

Sauran karatun da tsawo, gwiwoyina kuma sun fara ƙara in na tashi daga kan buhu. Ina roƙon Allah ya ara mini kwana in ga ranar da za ta gama. In ya ba ni, alhamdu lillahi. In kuma ya kira ni kafin nan, to ki matsa mini wuri, zan zo miki da labarin inda ta kai, kuma ki bari in faɗa har ƙarshe ko da kin riga kin sani.

An kira la'asar. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a inda babu ciwo.

Mijinki da kika fi wayo,
Seidu mai albasa, Aboabo